Ramuka sun fito a goshin oska na, jama'a ku duba min

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma hankalina a tashe yake. Ina da oska biyu, kifin ado ne da nake kiwo a tankin gilashi, shekara biyu da rabi ke nan suna hannuna, tun suna kamar ɗan yatsa na sayo su. Babban yanzu ya kai santimita 27. Wajen mako uku da suka wuce na ga wasu 'yan ɗigo farare-farare a goshinsa, tsakanin ido da ido, kamar an tsira bakin allura. Na ɗauka gogewa ya yi da dutse. Yau da asuba na haska shi da tocila sai na ga sun zama ramuka sosai, guda biyar na ƙirga, ɗaya ya kai girman ƙwayar dawa, kuma akwai wani farin abu kamar zare yana leƙowa daga ciki. Kifin da idan ya hango ni daga bakin ƙofa yake zuwa yana kaɗa jiki, yanzu yana can bayan dutse, jikinsa ya yi duhu. Idan na jefa abinci sai ya ɗauka ya tauna ya tofar. Ga hotuna uku na saka. Don Allah wanda ya san wannan abu ya yi magana.

Mai Shagon Kifi: Wa alaikumus salam. Allah ya sawwaƙe, Malam. Wannan ai ciwon ramin kai ne, ba sai an yi dogon bincike ba. Ya fi kama oska da diskas, shi ma kifin ado ne, da sauran manyan kifayen danginsu da ake kira sikilid. Ka je kemis yau ɗin nan ka sayo Flagyl ka zuba masa. Kada ka kwana.

Ɗan Gidan Gona: Gishiri fa? Mu a wajen tarwada idan gyambo ya fito gishiri muke fara sawa, kuma yana yi.

Likitan Dabbobi: Wa alaikumus salam. Baban Ummi, sannu da wannan damuwa. Na buɗe hotunan na ƙara musu girma. Na yarda da Alhaji mai shago cewa abin ya yi kama da ciwon ramin kai ƙwarai, amma ina roƙon ka dakata da Flagyl na kwana ɗaya ko biyu. Kifin da ya kai wannan girma ba zai mutu don an jinkirta kwana biyu ba, wannan ciwo a hankali yake ci. Dalilina shi ne ramin da kake gani alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi yake alama a jikin mutum. Abubuwa da dama ne ke haifar da shi, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Ka amsa min waɗannan tukuna. Tankin lita nawa ne? Sau nawa kake canza ruwa, kuma nawa kake kwashewa? Daga ina kake ɗebo ruwan? Me yake ci? Sannan mafi muhimmanci, yaya kashinsa yake?

Ɗan Gidan Gona, gyambon tarwada daban ne. Shi yawanci bakteriya ce, za ka ga bakinsa ja, da jini-jini, kuma ko'ina a jiki yana iya fitowa. Wannan ka duba hoton, ramukan farare ne ko toka-toka, ba ja a bakinsu, kuma sun taru a kai. Gishiri ba ya kai wa inda matsalar take.

Baban Ummi: Na gode Dakta. Tankin tsawonsa santimita 120, faɗi 40, tsayi 45. Su biyu ne a ciki, sai wani kifi mai lasar gilashi guda ɗaya. Ruwa kuwa gaskiya sau ɗaya a wata nake kwashe bokiti uku in mayar da sabo, sauran lokaci idan ya ragu saboda zafi sai in ciko shi. Daga rijiyar gidanmu nake ɗiba. Abinci, ina ba su na tarwada mai yawo a saman ruwa, na sayi rabin buhu tun bara, sai hanta da zuciyar shanu idan an yi cefane, wani lokaci 'yan ƙananan kifi masu rai. Kashin ban taɓa lura ba sai da ka tambaya. Na je na zauna gaban tankin kusan rabin awa. Na babban fari ne, siriri, dogo, yana maƙale da shi yana jansa a ruwa kamar majina. Na ƙaramin baƙi-baƙi ne, guntu-guntu, yana faɗuwa ƙasa.

Mai Shagon Kifi: To ka ji. Farin kashi, ƙin cin abinci, rami a kai. Dakta, me kuma ake jira?

Sabon Shiga: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni ma da na karanta wannan na ruga na duba nawa oskan, wata huɗu da sayensa, sai na ga ramuka a fuskarsa, har da biyu manya a gaban idanu. Jikina ya yi sanyi. Ga hoto. Ni ma in sayo maganin?

Hajiya Mai Diskas: Ƙanina kwantar da hankalinka, kifinka lafiyarsa ƙalau. Waɗannan biyun na gaban ido hancinsa ne. Sikilid ƙofar hanci ɗaya gare shi a kowane ɓangare, shi ya sa take fitowa fili kamar rami. Sauran ƙananan da ka gani a jere a goshi da gefen baki halittarsa ce. Ka duba da kyau, duk wanda ke dama akwai ɗan'uwansa a hagu, daidai wurin, daidai girman, kuma launinsu ɗaya da fatar. Na ciwo ba ya bin tsari haka, kuma yana faɗaɗa. Ka ɗauki hoto yau, ka sake ɗauka bayan mako biyu daga wuri ɗaya. Idan ba abin da ya canza, ka manta da zancen.

Likitan Dabbobi: Hajiya ta gama magana. Bari in ɗan ƙara, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kifi yana da wasu ƙananan ƙofofi a kai da kuma wani layi da ya bi gefen jikinsa har wutsiya. A ƙarƙashinsu akwai 'yan hanyoyi masu ɗauke da jijiyoyin da yake jin motsin ruwa da su, ko cikin duhu ne ya san abu na matsowa. A sikilid layin ma a katse yake gida biyu, na sama ya tsaya, na ƙasa ya ɗauka zuwa wutsiya, duk wanda ya taɓa gyara karfasa zai iya tunawa, don ita ma 'yar wannan dangi ce. To ciwon daga waɗannan ƙofofin yake farawa. Fatar da ke kewaye da ƙofar ce take zaizayewa, launinta ya kwashe, ƙofar ta buɗe ta zama rami, ramuka biyu su haɗe su zama ɗaya. Shi ya sa a farkon ciwo ko gwani yana iya shakka, kuma shi ya sa dabarar hoto da Hajiya ta faɗa ta fi kallon ido.

Abubuwan da ake ɗauka su ne ba su ba: ciwon farin ɗigo, shi tudu ne ba rami ba, kamar an barbaɗa gishiri, har kan fiffike, kuma kifin yana goga jiki da dutse. Rauni na faɗa ko na karo, shi dare ɗaya yake bayyana, sau da yawa a tsage, kuma cikin mako guda ya fara rufewa idan ruwa mai kyau ne. Ƙunar hita, wato abin ɗumama ruwan tanki, doguwa ce a gefe ɗaya.

Sabon Shiga: Alhamdu lillahi. Na duba, kowane yana da ɗan'uwansa a ɗaya gefen. Allah ya saka da alheri, Hajiya.

Likitan Dabbobi: Mu koma kan mai zaure. Baban Ummi, na yi lissafin tankinka, lita 216 ne idan ya cika fal, ka cire tsakuwa da duwatsu ka ce lita 200. Oska guda ɗaya ma idan ya girma ana so ya samu wajen lita 280, kai kuma biyu ne da mai lasar gilashi, wanda shi ma ba ƙaramin mai kashi ba ne. Ba laifinka nake nema ba, kusan kowa haka ake sayar masa da su suna ƙanana ba a gaya masa za su wuce santimita 30. Amma ga abin da ke faruwa a ruwan. Kashin kifi da numfashinsa suna sakin amoniya. Bakteriya masu amfani da ke cikin soson filta suna mayar da ita wani sinadari, NO2, wasu kuma su mayar da NO2 zuwa wani, NO3, wanda shi ne ke taruwa a ruwan. Daga nan filta ta gama nata. NO3 ba ya fita sai ka kwashe ruwan da hannunka. Kuma ciko ba canji ba ne: ruwan da zafi ya shanye tsantsar ruwa ne ya tashi, dattin yana nan, sai ma ƙara kauri da yake yi, kamar miyar da aka bari a wuta. Ruwan yana iya zama garau kamar gilashi alhali NO3 ya haura miligiram ɗari a kowace lita.

Don haka abu na farko, nemo abin gwajin ruwa, ko na tsinke ko na ɗigawa. Ka gwada ruwan tanki, ka kuma gwada ruwan rijiyar daban.

Mai Shagon Kifi: Dakta, da girmamawa, ni shekara goma sha ina wannan sana'a. Maganar ruwa gaskiya ce, ba na musu. Amma na sha ganin mutum ya tsaya gwaje-gwaje har kifin ya daina ci gaba ɗaya, kuma ka fi ni sanin cewa idan ya daina ci maganin ya yi wuyar shiga. Wata ƙwayar cuta mai suna Hexamita ce ke kawo wannan ciwo, haka muka taso muka ji, haka yake a rubuce a jikin kwalaben magani da ake kawo mana. Flagyl kuma yana kashe ta. Araha ne, ko'ina akwai. Wace asara za a yi idan an ba shi?

Likitan Dabbobi: Tambayarka mai kyau ce Alhaji, kuma rabin maganarka ina tare da kai. Ƙwayar da aka daɗe ana kira Hexamita, da aka duba ta da manyan na'urori sai aka gane yawancin wadda ke cikin sikilid 'yar'uwarta ce, Spironucleus vortens, wadda aka fara siffantawa a 1995 daga hanjin kifin enjel, shi ma sikilid ne na ado. A 2001 wasu masu bincike biyu a Ingila, Paull da Matthews, sun same ta a hanji da kuma cikin ramukan kan diskas da enjel masu wannan ciwo. Amma ko su abin da suka ce shi ne mai yiwuwa ita ce sanadi. Don ana samunta kaɗan-kaɗan a hanjin kifi mai lafiya, ba ta yi masa komai, sai ruwa ya lalace ko cunkoso ya yi yawa ko abinci ya gaza, sannan ta yi yawa ta fi ƙarfinsa. Kuma ana samun kifi mai rami a kai a duba hanjinsa ba ita. Wannan na biyun ko kwali guda na Flagyl ka zuba masa ramin ba zai tsaya ba.

Asarar da ake yi kuwa ita ce mutum ya ba da magani ya ɗauka ya gama, ya bar ruwan yadda yake. Bayan wata biyu abin ya dawo, ya sake ba da magani, har ya gaji. Sannan farin kashi shi ma ba shaida ba ce yankakkiya. Kifin da ya kwana biyu bai ci ba zai fitar da farin yauƙi don hanjin ba komai a ciki. Tsutsar Capillaria tana kawo shi, ita kuma Flagyl ba ya taɓa ta, maganin tsutsa take so. Akwai kuma wata ƙwaya, Cryptobia iubilans, mai yi wa cikin sikilid ƙulle-ƙulle, alamunta kusan iri ɗaya, ita ma ba ta jin Flagyl.

Hajiya Mai Diskas: Wannan magana ta taɓa ni, don ni aka yi wa. Shekara uku da suka wuce ina da diskas shida. Biyu suka yi duhu, suka koma lungu, farin kashi, ɗaya da 'yan ramuka a saman ido. Sau uku ina yi musu zagayen Flagyl, kowane zagaye ina sa rai. Suna ta ramewa har goshinsu ya zama kamar bakin wuƙa idan ka kalle su ta gaba. Da ta farko ta mutu na kai ta wurin wata ƙawata mai aikin gwaje-gwaje, ta buɗe hanjin ta sa a na'ura, ta kira ni in leƙa. Ƙwai ne na tsutsa birjik, kowane kamar ɗan ganga mai toshe a baki biyu. Mako shida ina ba da maganin da ba na ciwon ba. Sauran huɗun da aka ba su maganin tsutsa suka tashi, ta biyun dai ta riga ta yi nisa. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, don da na kai kashin tun farko da ba a kai ga haka ba.

Mai Shagon Kifi: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma ki duba, ke kina da ƙawa mai na'ura. Mutumin da ke ƙauye ko wanda bai san kowa ba fa? Ni abin da nake cewa ke nan.

Likitan Dabbobi: A nan na ba ka gaskiya. Idan ba hanyar dubawa, kuma alamu uku sun haɗu, rami da farin kashi da ƙin ci, ni ma zan ce a ba da Flagyl zagaye ɗaya, tare da gyaran ruwa, ba a madadinsa ba. Idan zagaye ɗaya cikakke bai canza kashin ba, kada a maimaita, a koma tunanin tsutsa. Amma idan rami ne kawai, kifin yana ci kamar gara, kashinsa lafiya, to ba na ganin dalilin magani ko kaɗan. Ruwa da abinci za a gyara.

Malamin Lab: Salamu alaikum. Ina bin zancen tun safe. Baban Ummi, in a Kano kake, wannan dubawar ba wani abu ba ne mai wuya, duk na'urar da ake duba jinin maleriya da ita za ta yi. Wahalar ɗaya ce: kashin ya zama sabo. Waɗannan ƙwayoyin da motsinsu ake gane su, idan suka mutu ba za ka bambance su da datti ba. Kuma kashin da ya daɗe a ƙasan tanki wasu halittun ruwa marasa laifi suna taruwa a kansa, sai su ruɗa mai dubawa. Don haka ka tanadi sirinji babba marar allura. Da ka ga zaren ya saki, zuƙe shi da ɗan ruwan tankin kafin ya taɓa tsakuwa, ka taho nan take. Zan ɗiga a silaid, ɗan gilashin da ake sawa a na'ura, in rufe, in fara da ƙaramin ido sannan in koma mai ninka 400. Idan su ne za ka gan su da idonka, 'yan mitsi-mitsi masu siffar ƙwai, tsawonsu bai kai ɗaya bisa hamsin na milimita ba, suna gudu da sauri suna juyi. Ka yi min magana ta akwatin sirri.

Ɗan Gidan Gona: Ni tambayata kan abincin ne. Me ya sami abincin tarwada? Ai da shi muke kai kifi kilo guda cikin 'yan watanni.

Hajiya Mai Diskas: Ai ka faɗi amsar da bakinka. An yi shi ne don kifi ya yi ƙiba da sauri a sayar, ku kuma buhu ba ya kwana biyu a wurinku ya ƙare. Shi oska shekara goma ko fiye ake so ya yi. Sannan rabin buhu tun bara, a zafin Kano? Bitamin C ba ya jure zafi da iska, man da ke ciki ma yana yin ɗoyi. Baban Ummi, ka shinshina shi ka ji. Ni ƙaramin gwangwani nake saye, in raba biyu, rabi a firji.

Likitan Dabbobi: Haka ne. Kuma oska yana cikin kifayen da ba sa iya haɗa bitamin C a jikinsu, sai daga abinci. A kogunan Amazon inda ya fito, ƙwari yake ci da jatan lande da ƙananan kifi da 'ya'yan itacen da ke faɗowa ruwa. Hanta da zuciyar shanu kitsensu ba irin nasa ba ne, kuma suna ɓata ruwa da wuri. Ƙananan kifi masu rai su ne babbar hanyar shigo da cuta cikin tanki, wasunsu kuma, irin su golfish, suna ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1. Ka samo abincin sikilid sabo, ka riƙa haɗawa da tana da gyare da fara, amma farar da ka tabbata ba daga gonar da aka yi feshi ba.

Baban Ummi: Jama'a ga sakamako. Na samo abin gwaji na ɗigawa a wurin wani abokina. Amoniya sifili, NO2 sifili. NO3 kuwa kwalbar ta yi ja wur, tsakanin 80 da 160 a takardar launi, na kasa tantancewa. Abin da ya fi tayar min da hankali, ruwan rijiyar da kansa ya nuna 40. Abincin kuma na shinshina, warin tsohon mai yake yi, na zubar. A filta na tarar da wata jakar gawayi da mai haɗa min tankin ya saka tun farko, ban taɓa cire ta ba, ta zama gari-gari.

Yau da safe kuma na kai kashin wurin Malamin Lab, cikin minti ashirin na isa. Ya sa ni na leƙa da kaina. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba, wurin gaba ɗaya motsi yake, kamar an tona gidan tururuwa. Ya ce ba ƙwan tsutsa ko ɗaya. Na ƙaramin ma na kai da rana, da ƙyar ya samo guda biyu a silaid ɗin duka.

Mai Shagon Kifi: To alhamdu lillahi, ga ta nan dai. Flagyl ɗin da na faɗa tun ranar farko.

Hajiya Mai Diskas: Gaskiyarka Alhaji, amma da ya zuba tun ranar farko da wa zai gaya masa rijiyarsa 40 take nunawa? Ni gawayin nan ma nake zargi. A cire shi, kada a sake sawa.

Mai Shagon Kifi: A'a Hajiya, gawayi kam ban yarda ba. Duk tankunan shagona da gawayi suke aiki shekara da shekaru, ban ga rami ba.

Likitan Dabbobi: Maganar gawayi tana da tushe, amma a san iyakarta. A 2011 an yi gwaji a gidan namun daji na Toledo a Amurka, Jay Hemdal ne ya jagoranta, aka nuna gawayi mai ƙura yana haddasa zaizayar kai da layin gefe. Sai dai kifin teku aka yi gwajin da shi, ba sikilid ba. Don haka Alhaji yana iya yin shekaru bai ga komai ba, musamman idan mai tauri yake saye yana wankewa yana canzawa. Amma jakar da ta shekara biyu da rabi ta zama gari ba ta da sauran amfani, kuma dole ma a cire gawayi kafin magani don yana shanye shi. A cire.

Ga yadda za ka yi, Baban Ummi. Fara da ruwa, amma kada ka kwashe duka rana ɗaya, kifin da ya saba da tsohon ruwa canjin gaggawa yana iya kayar da shi. Kashi ɗaya cikin huɗu kullum har kwana huɗu ko biyar, kana zuƙe dattin cikin tsakuwa da tiyo. Soson filta a ruwan da ka kwashe daga tanki za ka matse shi, ba a famfo ba. Rijiyar kuma ka bar ta. Duba lissafin: idan tanki yana 100 ka canza rabi da ruwa mai 40, ka sauka 70 ne kawai, kuma duk naci ba za ka taɓa yin ƙasa da 40 ba. Mu kuma ƙasa da 20 muke nema idan zai yiwu, 40 shi ne iyaka. Ka gwada ruwan bohol mai zurfi na unguwarku, ko na famfo idan yana zuwa, amma shi sai ka sa maganin kashe kulorin.

Magani kuwa, tunda har yanzu yana ɗaukar abinci a baki, ta ciki ya fi, don a hanji ƙwayar take. Ƙwayar Flagyl ɗaya mai miligiram 200 ka daka ta yi laushi, ka kwaɓa da ɗan ruwa kaɗan, ka jiƙa giram 20 na sabon abinci, ka bari ya sha ya bushe a inuwa, ka ajiye a firji cikin abin da haske ba ya shiga. Ka ba shi kullum har kwana biyar. Maganin yana da ɗaci, idan ya tofar ka gwada cusa shi cikin tana. Idan ya ƙi sam, sai ta ruwa: miligiram 5 a kowace lita, wato ƙwaya biyar masu 200 a tankinka, rana ɗaya a sa rana ɗaya a huta, sau uku, kana canza ruwa kafin kowane zubi. Ɗan Gidan Gona, kai kuma don Allah kada ka ɗauki wannan ka kai kududdufin tarwada, ba a ba kifin da mutane za su ci wannan magani.

Abu na ƙarshe ba na kifi ba ne. Rijiyar da ta nuna 40 a cikin gari yawanci masai ko sokawe ne ke kusa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ruwan sha a miligiram 50 a lita, kuma jarirai ne abin ya fi yi wa illa, tafasawa kuma ba ta cire shi. Abin gwajin kifi ba na asibiti ba ne, amma ya isa ya sa ka kai ruwan a auna da kyau. Idan akwai jariri a gidan kada a haɗa masa madara da shi.

Baban Ummi: Inna lillahi. Akwai kuwa, ƙanwar Ummi watanta biyar. Mu muna shan na leda, amma da na rijiyar ake girki da wanke kwalbarta. Yau zan yi magana da mai ɗakina. Dakta, Allah ya biya ka.

Baban Ummi: Salamu alaikum, na dawo da labari bayan mako bakwai, don na ga mutane suna tambaya ta akwatin sirri. Kwana biyun farko ya ƙi abincin maganin, sai da na bi shawarar tana, na tsaga ta na cusa. A rana ta huɗu kashin ya fara yin duhu, a ta shida ya fito daga bayan dutse ya zo gaban gilashi da na shigo. Na koma wurin Malamin Lab bayan mako biyu, da ƙyar ya ga guda ɗaya. Ruwa yanzu daga bohol na masallacin layinmu nake saye a wurin 'yan garuwa, ya nuna 5, ina canza rabi duk Asabar, tankin yana tsayawa tsakanin 10 da 20. Ƙaramin oskan na ba wani abokina mai babban tanki, ya yi min wuya amma wurin ba zai ɗauke su biyu ba. Ramuka huɗu ƙanana sun rufe, sai ɗan duhu a wurin. Babban mai girman ƙwayar dawa bai cike ba, amma farin zaren ya daina fitowa, kuma na gwada hoton yau da na makon jiya da na wancan, bai ƙaru ba.

Likitan Dabbobi: Madalla. Wannan babban ramin mai yiwuwa tabo zai bari, mai zurfi ba kasafai yake cikewa duka ba, amma idan launin fata ya fara dawowa cikinsa ka san ciwon ya tsaya. Ga sanyi yana tahowa, ka kula kada ruwan ya sauka ƙasa da digiri 24 da dare, kuma ka tanadi famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta. Ruwan rijiyar fa, an auna?

Baban Ummi: An auna, Dakta, sun ce ya ɗan haura 50, kuma akwai ƙwayoyin cuta na bayan gida a ciki. Sokawen maƙwabta ne, taku goma sha biyu tsakaninsa da rijiyar. Wanki da shara kawai ake yi da ita yanzu.

Sabon Shiga: Ni ma na sake ɗaukar hoton kamar yadda Hajiya ta ce, ba abin da ya canza. Amma na gwada ruwana ya nuna 40. Tankina lita 90 ne. Alhaji, nawa ake haɗa mai lita 300 yanzu, kuma gilashi mai kaurin milimita nawa ya kamata in ce a sa?